Ranar da Yaya Ta Kashe Kasko

Idan ka shigo layinmu a Shehuri ba sai ka tambayi gidan yayata ba, hancinka zai kai ka. Turaren wuta take haɗawa da humra, sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarmu, kuma amaren unguwa da yawa da ƙamshin hannunta suka shiga ɗakin miji. Ni ban gaji komai ba sai surutu, shi ya sa na zama malamar firamare a Maisandari. In an tashi daga makaranta sai in biya ta wajenta, in same ta a tsakar gida tana soya itacen sandal da sukari ko tana dakan kajiji. In zauna, in ci abin da na samu a tukunya, in tsokane ta, in kama hanyar gida.

Wata shekara, ana tsakiyar zafin nan da ko inuwar darbejiya ba ta maganinsa, sai turaren Yaya ya fara yawa. Dama mace ce mai ƙamshi, amma wannan ya wuce misali. Kasko a ɗaki, kasko a bakin ƙofa, kaya a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko, suna shan hayaƙi safe da yamma, ita kanta kuma ba ta fitowa sai ta yi turaren tsuguno. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun yi aure. To me matan layi za su ce? Suka ce Yaya ta yi bazawari. Ni kuwa na karɓi maganar hannu biyu, kullum sai na ce, "Yaya, ki faɗa mana ko wane ne, mu fara ɗinkin anko." Sai ta yi murmushi ta ce in bar ta ta ji da aikinta. Ta daina zuwa biki da suna, in baƙi sun zo ta koma can ƙarshen tabarma ta zauna. Muka ce ai kunyar amarci ce ta kama ta tun ba a ɗaura ba.

Ranar da jiri ya kwashe ta a gaban murhu aka daina wannan wasa. A babban asibitin garinmu ne na fara jin cewa ta daɗe jini yana zubo mata, alhali tuni ta daina al'ada. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗebi ɗan nama aka duba, daga baya aka kira mu. Likitar mace ce, 'yar gari, Hausarta da karin Kanuri, kuma ba ta kwana-kwana. Ta ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, ya wuce a yi aiki a cire, amma bai wuce magani ba. Maganin shi ne a gasa ciwon da haske, kuma gashin iri biyu ne. Akwai na waje, wanda na'ura ke haska ƙugu kullum har wasu makonni. Akwai kuma na ciki, wanda ake kai hasken har jikin ciwon, shi ne mai ƙarasa aikin. Ta ce dole na cikin ya biyo bayan na wajen ba tare da an bar tazara ba, in ba haka ba ciwon ya sake miƙewa.

Na ce, "To likita, a fara mana gobe."

Ta ce da so samu ne. An gama sabon gini a bayan asibitin, na'urorin ma sun iso, amma ana kan haɗa su da gwada su, kuma ba ta san ranar da za a ce a fara ba. Shawararta mu tafi wani gari mai nisa inda ake yin duka biyun, wuni guda a mota, mu zauna can har a gama. Ta dubi Yaya ido cikin ido ta ce jira yana da haɗari.

Tun a keke mai ƙafa uku da muka hau zuwa gida Yaya ta ce ba inda za ta. Babban wanmu ya zo ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma lallashi. Shi a ganinsa tsoron hanya ne, don duk wanda ya zauna a garin nan shekarun baya ya san abin da hanya ta yi wa mutane. Ya ce yanzu an samu sauƙi, motoci na wucewa lafiya, akwai kuma 'yar ƙanen babanmu da ke aure a can, ta ce ɗaki na jiranmu. Yaya ta ce Allah ya saka, amma ba za ta ba. Ya fita yana cewa taurin kan gidanmu duk a kanta aka juye.

Ni kuma zuciya gare ni, kowa ya sani. Na bi ta ɗaki ina faɗa, hayaƙi ya shaƙe ni, tari ya hana ni ƙarasa magana. Haushi ya sa na ɗauki kaskon na kai shi tsakar gida, na dawo na yaye labule na buɗe taga. Na ci gaba da masifa, ina cewa ita ba ta tausayin 'ya'yanta, ba ta tausayinmu. Tana zaune a bakin gado tana kallona. Da hayaƙin ya gama ficewa sai wani wari ya taso, mai nauyi, wanda ban taɓa jin irinsa a jikin mai rai ba. Nan take na daina masifar.

Ta ce, "Kin ji ko? To shi ne bazawarin. Ke Auta, wannan za ki sa a mota wuni guda, kafaɗa da kafaɗa da mutane?"

Na ce sai mu ɗauki shatar mota mu kaɗai.

"Direban ba shi da hanci? In mun isa kuma gidan wa zan sauka? In kwana a katifar mutane, in shiga banɗakinsu, yaransu su riƙa fita in na shigo? Ni da aka sani da ƙamshi? Gara in mutu a ɗakina."

Na fita na ɗauko kaskon da hannuna na mayar mata, na ƙara garwashi. Kuka na yi sosai ranar, na tausayi da na tsoro. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa wanmu ba, na kuma riƙe.

Daga nan hankalina kaf ya koma kan sabon ginin nan. In an tashi daga makaranta ba Shehuri nake fara nufa ba, asibiti nake wucewa. Na zama kamar wata mai duba aiki da gwamnati ta turo. Na san ranar da aka kawo sabon janareto, na san ranar da aka ɗaura ƙofar nan mai kauri wadda sai wuta ke tura ta. Na ga masu gwaji suna shiga da wani akwati cike da ruwa, na tambaya, aka ce da shi ake auna ƙarfin hasken kafin a yarda ya taɓa mutum. Na ce su auna da kyau amma su yi sauri, suka yi dariya. Akwai wata nas da aka tura koyon aikin ta dawo, ita na fi addaba. In ta hango ni daga nesa sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba yau ba." Na ba ta lambar wayata, kashegari na sake ba ta ko da ta ɓata.

Duk abin da na gani sai na kai wa Yaya da ɗuminsa, har da ƙari. In ce mata yau an shafa fenti, yau an kawo kujeru, yau na ga an kunna fitilun ciki. Tana kwance tana shan magungunan da likita ta ba ta na rage jini da ciwo, ta ce, "Ke da ginin nan kamar ɗakin aurenki ake shiryawa." Amma na lura in na makara sai ta tambaya ko yau ban je ba. Likita kuwa ba ta fasa faɗin gaskiya ba, duk zuwa sai ta tuna mana cewa tafiyar ita ce ta fi, in har Yaya za ta yarda. Ina ganin yadda wuyan hannun Yaya ke ƙara sirancewa, awarwaronta na zamewa.

Ina tsakiyar aji ina koyar da jam'in suna wayata ta yi ƙara. Ba na ɗaukar waya a aji, amma da na ga lambar sai na ɗauka. Nas ɗin ce. Ta ce, "Malama, yau ne. An ba mu izini, na waje da na ciki duka. Ki kawo Mama gobe a auna ta." Guɗa na rangaɗa a gaban yara, wallahi, irin ta kai amarya. Shugaban makaranta ya leƙo a guje yana zaton maciji ne ya shigo. Na ce masa yayata ce za a gasa. Bawan Allah ya tsaya yana kallona, na bar masa ajin da allin na fita.

Ban san yadda na isa Shehuri ba. Tun daga zaure nake kiran Yaya, takalmi ɗaya ya fita ban tsaya ɗauka ba. Na ce, "An kunna! A nan garin, Yaya, ba mota, ba gidan kowa!" Ta tashi zaune ta riƙe hannuna, ta sa na maimaita abin da nas ta ce kalma bayan kalma. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi. To ɗauko mini laffayar nan shuɗiya ki ɗora a kabbasa." Rabon da in ji ta zaɓi kaya har na manta. Wanmu ya zo yana ta washe baki, yana cewa ai taurin kai ma wani lokaci yana da rana.

Kashegari murnar ta ɗan ci karo. Bayan an ɗauki hotonta an yi mata alamomi a ƙugu, likita ta ce daga yau ba turaren tsuguno, ba humra a wurin, ba dilka, ruwa kawai, don fatar da haske ke bi ba ta son zafi ba ta son turare. Na ga fuskar Yaya ta canja. Na yi wuf na tambaya ko laffaya za ta iya shan hayaƙi, likita ta ce wannan ba laifi. A hanya Yaya ta ce laffaya kaɗai ba za ta rufa mata asiri ba. Na ce, "Yaya, keke ba shi da ƙofa ba shi da gilashi. Ni da ke kawai za mu hau, iska ta kwashe komai. Kafin mai keke ya gama sauraron waƙa biyu mun isa." Da muka shiga layi sai ta ce in zo da wuri.

Haka muka fara. Kullum da safe in zo da keke har ƙofar gida, in zauna a bayan direba, ita ta ɓangaren iska. Abin da ya rage mata tsoro shi ne wurin jira. Ranar farko muka tarar benci cike da mata, wasu daga Biu, wasu daga Bama da Monguno, wata ma daga tsallaken iyaka. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙanƙame laffayarta, tana neman inda za ta raɓe ita kaɗai. Ni kuwa tun shigarmu hancina ya gaya mini ba ita kaɗai ba ce. Wata tsohuwa Bashuwa ta matsa, ta bubbuga benci da tafin hannu, ta yi mata sannu irin ta garin nan ta ce, "Wushe, wushe. Zo zauna, 'yar'uwa. Nan ba mai toshe hanci, duk abu ɗaya ya kawo mu." Yaya ta je ta zauna, cinyarta na gogar ta tsohuwar. Na juya na kalli bango don kada a ga idona.

Kafin mako ya zagayo Yaya ta zama uwar benci. Ta shaƙi mayafin wata ta ce an cika wa turaren nan sukari, ta gaya wa wata yadda ake wanke farcen haɗa turare kafin a daka. Matan da suka zo daga nesa suka riƙa ba da labarin 'yan'uwansu da aka tura can wancan gari shekarun baya, wasu suka yi na waje suka kasa samun na ciki, wasu ko tafiyar ba su yi ba. In an zo nan sai wata ta ce Allah ya ji ƙansu, a ce amin, hira ta dawo. Ba wai sauƙi ne da gashin ba. Ya saukar wa Yaya da gudawa, ruwan maganin da ake ƙara mata ya hana ta cin abinci, kunun gyaɗa ma sai da lallashi. Amma ko sau ɗaya ban zo da keke na tarar ba ta shirya ba.

Ranar gashin ciki na fi kowa zumuɗi, don shi ne wanda likita ta ce yana ƙarasa aiki, shi ne kuma wanda da can sai an bar gari. Na roƙi nas ta bar ni in leƙa na'urar kafin a shigo da Yaya. A raina ina jiran in ga abu ya cika ɗaki. Sai ga wata 'yar aba a kan taya, ko injin markaɗe ya fi ta girma. Na ce, "Wannan ce muka yi ta jira?" Nas ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a cikinta akwai ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, shi ke ba da hasken. Za a yi wa Yaya allurar kashe zafi, a sa wani siririn bututu har jikin ciwon, a ɗauki hoto a tabbatar ya zauna daidai. Sai ƙwayar ta bi bututun ta shiga, ta tsaya 'yan mintuna, ta koma gidanta. Ba abin da ke zama a jikin mutum.

Yaya ta roƙi alfarmar mata su sa mata bututun, likita ta ce ita da kanta za ta yi. Aka shiga da ita, aka daɗe ana shiri, ni ina safa da marwa a baranda ina karanto duk addu'ar da na iya. Da lokaci ya yi kowa ya fito, ƙofar nan mai kauri ta rufe, Yaya ta rage ita kaɗai a ciki. Nas ta yafito ni ta nuna mini ita a wani ɗan talabijin, tana kwance idonta a rufe, leɓɓanta na motsi. Ta ce in yi mata magana, za ta ji. Na sunkuya na ce, "Yaya, bazawarin nan yau zai ga ta kansa." Muryarta ta fito ta lasifika, a hankali amma sarai: "Auta, ki rufe mini baki, an ce kada in motsa." Har likita sai da ta dara.

An maimaita mata na cikin wasu lokuta kamar yadda aka tsara, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ranar ƙarshe matan benci suka yi mata guɗa ƙasa-ƙasa don kada a kore mu. Ta koma gida ta yi jinya, fatar ƙugunta da ta yi baƙi ta fara washewa, abinci ya fara shiga. Da muka koma dubawa likita ta ce ciwon ya motse ƙwarai, amma ba a sallame ta ba, za ta riƙa zuwa ana dubawa shekara da shekaru. Yaya ta ce in dai a garin nan ne, ko kullum aka ce ta zo za ta zo.

Wata Asabar da hantsi ta aiko a kira ni. Tun daga bakin layi na ji wani abu ba daidai ba, sai da na kai zaure na gane ko mene ne: babu ƙamshi. Na shiga da gudu. Na tarar da kasko a kife a tsakar gida, an wanke shi, kabbasa a jingine da bango ba komai a kanta. Yaya na tsaye a ɗaki da zane ɗaya da 'yar riga, taga a rufe, labule a sake.

Ta ce, "Shigo ki rufe ƙofa. Tun shekaranjiya ban kunna wuta ba, ban shafa komai ba. Ni hancina ya saba, ba zan yarda da shi ba. Ke kuma bakinki ba ya iya ɓoye abu. Matso ki shaƙa."

Na matsa. Na shaƙi kafaɗarta, na durƙusa na shaƙi zanenta, na je na cusa fuskata a zanin gado da matashin kai. Na dawo na sake shaƙar zanen. Sabulu na ji, da ɗan gumin hantsi, da wani ƙamshin fata da na sani tun ina goye a bayanta.

"Faɗa mini gaskiya," in ji ta.

Na ce, "Wallahi Yaya babu komai. Ke ce kawai."

Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na girgiza. Na zauna a jikinta na manne, ba ta matsa ba. Mun daɗe a haka. Can ta share ido da bakin zane ta ce, "Gobe akwai kai amarya a Galtimari, ni na haɗa wa uwar yarinyar turare lokacin nata auren. Za ki zo ki raka ni."

Na ce zan zo da keke da wuri, mu biyu kamar kullum.

Ta ce, "A'a. Motar 'yan biki za mu shiga. Ki kama mini wuri a tsakiya."